Fuskar Wa Manhajar NHS Ke Nema?

[Hannun dattijuwa riƙe da waya, tabarau a kan hanci]

Assalamu alaikum. Tambaya ɗaya ce ke ta shigo mini kwanan nan daga 'yan'uwanmu mazauna Ingila: "Na saka wa Baba manhajar NHS, ta ƙi shi. Wai ba ta karɓar tsofaffi ne?" NHS ita ce hukumar kiwon lafiya ta gwamnati a Ingila, wannan kuwa manhajarta ce ta waya. Tana karɓa. Tun 2019 kowa ke iya sauke ta, muddin ya kai shekara 13 kuma yana da rajista da likitan unguwa, wato GP, a Ingila. Wuri ɗaya ne ake tuntuɓe, kuma yawanci mu 'ya'ya ne muke jawo shi.

Farkon ba wuya. A sauke, a sa imel, a sa lambar waya, saƙo ya shigo da lambobi 6. Sai lambar NHS mai lambobi 10, tana jikin takardun asibiti da na magani. Ga shi kuna gani, an wuce.

[Allon waya: ana neman hoton shaida]

To, a nan za mu zauna.

Manhajar za ta nemi hoton fasfo ko lasisin tuƙi. Daga nan kyamara ta buɗe. Ku lura da hannun nan: 'ya ce riƙe da wayar, ta ɗauki hoton fasfon mahaifiyarta, kyamara na buɗewa sai ta miƙa tata fuskar. Ai ita ke aikin. Haka ƙanwata ta yi wa Hajiyarmu, har da gyara ɗankwali. Fasfo ya nuna mai shekara saba'in da ɗoriya, kyamara ta ga yarinya, aka ƙi.

Ban ga laifinta ba. Mu da aike muka tashi. A gida, uwa ta miƙa wa yaro katin asibiti, ya je ya karɓo magani, magana ta ƙare. Manhajar nan ba ta san aike ba. Mai fasfo take nema, saboda abin da ke bayan ƙofar nan ba ƙarami ba ne: sakamakon gwajin jini, jerin magunguna, abin da likita ya rubuta. Don haka ki riƙe wayar, amma fuskar Hajiya ce za ta shiga. A fuskanci taga, a cire tabarau, fuska ta fito sarai. In bidiyo aka nema, lambobi 4 za a ba ta ta faɗa. Turancin na ba ta wahala? Ta rubuta su a takarda ta nuna wa kyamara.

Sai lambar waya. Ni na yi wannan kuskuren, na sa tawa. Ranar da Hajiya ta so neman ƙarin maganin hawan jini, lambobin shiga suka zo wayata ina wurin aiki, waya a kulle cikin akwati. Ta zauna jira har magariba da abin da minti biyu ya ishe shi. A sa lambar mai asusun.

[Dattijo ya ture fasfo gefe]

Akwai iyayen da ko kusa ba za su nuna wa waya fasfonsu ba. Wanda ya sha layin biza da tambayoyin filin jirgi yana da dalilinsa na ɗari-ɗari, kada a yi masa dariya. Akwai wata hanya. A je wurin GP a nemi bayanan shiga hidimominsu na intanet. Abubuwa uku za su bayar, ga sunayensu a ƙasa: Linkage Key, ODS Code, Account ID. Da su ake tabbatar da mutum ba tare da hoto ba. Rajista da GP ita kanta kyauta ce a Ingila, kuma ba sharaɗi ba ne sai an nuna takardar zama.

In kuwa kai za ka riƙa kula da komai, nemi abin da suke kira proxy access a wurin GP. Ka shiga da asusunka, da izinin Baba, ka ga nasa. Amma don Allah a tambaye shi tukuna, a keɓe. Akwai ciwon da uba ba ya son 'yarsa ta karanta, ko da ita ke kai shi asibiti. Kunyar nan haƙƙinsa ce.

[Hotuna da sauri: tarho, teburin karɓar baƙi]

Daga 1 ga Oktoba 2025 an wajabta wa GP a Ingila barin hanyar neman likita ta intanet a buɗe daga 8 na safe zuwa 6:30 na yamma a ranakun aiki. Wannan bai rufe tarho ba, bai hana zuwa da ƙafa ba. Mai neman tafinta ya faɗa tun lokacin neman ganin likita, ba a biya. Ciwon da ba zai jira ba, a kira 111, layin NHS na shawarar gaggawa. Ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko numfashi ya sarƙe, a bar manhaja a kira 999, layin motar asibiti.