Soket ya ƙi kwanciya a bango? Kar ka matse noti tukuna

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar soket da makunnin wuta ce, irin wanda zaka duba kaga fuskarsa ta ƙi kwanciya a jikin bango, gefe ɗaya ya manne ɗaya gefen ya buɗe baki, ko in kazo zare caja kaga abun gaba ɗaya yana biyo hannunka. Kusan duk gidan da ka shiga sai ka samu ko guda ɗaya ne, kuma sabon gini ma bai tsira ba, wani lokacin ma a sabon ginin abun ya fi yawa.

Abinda yawancinmu ke yi shine a ɗauko sukudireba a dinga murɗa noti da ƙarfin tsiya har sai an ji ƙas. Toh wannan ƙas ɗin fuskar ce ta tsage, dan farar robar da ake yinta da ita mai tauri ce bata lanƙwasa, karyewa take. In ma bata tsage ba zaka ga makunnin ya fara cijewa, ka danna ya ƙi dawowa daidai saboda ka murɗe masa jiki. Ita fuskar yawanci lafiyarta ƙalau, matsalar tana bayanta, kuma sai an buɗe ake sanin wacce iri ce.

Amma kafin a buɗe dan Allah a tsaya a ji wannan. Soket ɗin da muke amfani da shi a Najeriya da Ghana tsarin Ingila ne, mai ƙafa uku masu faɗi, amfiya 13, wutar kuma bolt 230 ce. A wannan tsarin fuska da soket abu ɗaya ne, wayoyin a bayan fuskar suke ɗaure, kana kwance noti biyun nan ka jawo toh waya mai wuta ce a gaban yatsunka. Na faɗi haka ne saboda wasu na kallon bidiyon 'yan Amurka suga mutum ya cire murfi hankalinsa kwance, nasu daban ne, murfinsu roba ce kawai ta rufe shi kuma soket ɗin yana ɗaure a akwati da nasa notin, wutarsu ma bolt 120 ce. Ko notinsu baya shiga namu.

Je ka allon bireka ka sauke, in baka san wanne ke riƙe da ɗakin ba sauke babban gaba ɗaya a huta. Kuma kar ka ce ai NEPA sun ɗauke bari in yi sauri kafin su kawo, babu wanda zai kira ka ya gaya maka lokacin. In akwai inbata ko sola a kashe, dan gidaje da yawa an ware wasu soket an ɗora su kan inbata, duk gidan duhu amma su da wutarsu. In akwai janareta a maida canjoba tsakiya, a kuma gaya wa mutanen gida, musamman yaron nan mai son taimako da zai ga bireka a ƙasa ya ɗaga. Sannan ka gwada. Ita tasta mai ɗan ƙwai a ciki ba abar dogaro bace sosai, da rana tsaka haskenta baya ganuwa, in kana da mitar hannu ta gwada wuta ita ta fi, in tastar ce kawai toh ka fara gwadata a inda ka san akwai wuta tukuna ka tabbatar tana aiki.

Yauwa. Kafin ka taɓa noti, in fenti ya manne fuskar da bango ka bi gefenta da reza a hankali, in ba haka ba zata ɓantaro fentin ka ƙara wa kanka aiki. Kwance noti biyun, jawo fuskar kaɗan, ka haska da tocilan waya. Ɗauki hoto ma kafin ka taɓa komai.

Wannan ƙarfen da kake gani a cikin bango shine akwatin, masu wayarin suna ce masa tiri-bai-tiri in na soket ɗaya ne, tiri-bai-sikis in na biyu ne, wato inci 3 da 3 ko inci 3 da 6. Yana da 'yan kunnuwa biyu hagu da dama, nan noti ke shiga. Tsakanin ramukan biyu milimita 60.3 ne a ƙaramin, 120.6 a babban, notin kuma M3.5 ake kiransa, riƙe wannan sunan dan zaka buƙace shi a shago.

Matsalar da tafi yawa a gidajenmu ita ce akwati ya nutse. Dalili kuwa yadda ake ginin ne, mai wayarin yana zuwa tun bango na tsurar bulo ya fasa ya sa fayif ya kafa akwati da siminti, ya yi kirdadon kaurin filasta ya tafi abinsa. Birkila yazo ya zuba filasta yadda ya ga dama, in bangon ya karkace ya ƙara kauri dan ya miƙe, mai sikiridin, wato shafen da ake yi wa bango kafin fenti, ya ɗora nasa, in kicin ne ko banɗaki mai tayil ya zo da siminti da tayil ya ƙara kusan santimita biyu. Ranar da za a ɗaura soket sai aga notin da yazo cikin kwali da kyar ya kamo zare ɗaya ko biyu, a barshi haka, wata biyu ana cusa fulogi ana zarewa sai ya saki. Wannan gyaransa shine mafi sauƙi, dogon noti M3.5 zaka siya, akwai mai milimita 40, akwai 50, akwai 75. Amma auna. In ya yi tsayi da yawa zai je ya tokari bayan akwati ka ji kamar ya ɗauru alhali fuskar na lilo, mafi muni kuma ya huda rigar waya, shi yasa in zaka tura noti ka leƙa ka kau da wayoyi daga hanyarsa. In ya yi tsawo a yanke da zarton ƙarfe a goge bakin. Kar a sa notin katako ko na silin mai tsini, yana kamawa yau amma ya cinye zaren kunnen, tsininsa kuma waya yake nema.

Wani lokacin kuma akasin haka ne, bakin akwatin ya fito waje ya wuce filasta, fuskar tana zaune kan ƙarfe ba kan bango ba, zaka ga rata iri ɗaya ta zagaye ko'ina. Anan ko ka matse har gobe bazai kwanta ba. In fitowar kaɗan ce, milimita biyu uku, ana iya tada filastar gefen da fila, wato ƙullin cike ramin bango, ko sikiridin a baje shi da faɗi yadda ido bazai kama tudun ba. Akwai kuma wani firam na roba da ake sawa tsakanin fuska da bango, yawanci kaurin milimita 10, yana rufe ratar tsaf. In ya fito sosai toh gaskiya sai an cire akwatin an ƙara zurfin ramin da cizal an sake kafawa, wannan aikin mai wayarin ne. Masu buga akwati da guduma dan ya koma ciki, ku dena, kunnuwan kuke lanƙwasawa kuma bayan akwatin siminti ne ba inda zai je.

Yanzu ga wadda mutane basu cika ganewa ba, kuma ni a wajena ita ce mai hatsarin. Akwati daidai, noti daidai, amma kana tura fuskar kana jin tana turo ka. Wayoyi ne suka cushe a baya. Su akwatunan nan zurfinsu ba ɗaya bane, akwai mai milimita 16 na makunnin fitila kawai, akwai 25 na soket na yau da kullum, akwai 35, akwai 47 na makunnin kuka, wato murhun girki na lantarki, da manyan wayoyi. Toh sai mutum ya je kasuwa ya ga soket ɗin zamani mai ramin USB ko mai lafaffiyar fuskar ƙarfe, ya burge shi ya siyo, bai san cewa bayansa ya fi na da kauri ba, irin waɗannan yawanci 35 suke so, shi kuma na bangonsa 25 ne. Ga wayar soket mai kauri, wadda ake kira 2.5, sau da yawa shida ne a ciki dan uku sun shigo uku sun wuce soket na gaba. Sai a danna da gwiwar hannu a ɗaure, kamar mai zama kan jakar kaya dan zif ya rufu. Abinda ke faruwa a ciki shine waya ta matse tsakanin bayan soket da ƙarfe, rigarta ta fara yankewa, ko kuma ƙarfin turawar ya sassauta ta daga inda aka ɗaure, kuma sako-sakon waya shi ke kawo zafi. Soket mai amfiya 13 yana ɗaukar kusan wat 3000, ka sa dutsen guga ko hita ko butar lantarki a kan ɗaurin da bai kama ba, a hankali wajen zai dinga gasuwa.

Gyaran shine ka jawo fuskar, ka lanƙwasa wayoyin da yatsa su kwanta a ƙasan akwati da gefe-gefe, kar su tsaya daidai bayan inda soket ya fi kauri. Ja kowace waya kaɗan kaji ko ta kama, in tana motsi ka ƙara ɗaure ɗan notinta, kuma kar jan ƙarfen ciki ya leƙo waje. Jar waya ita ce laif, wato mai wuta, a L, baƙa nutural a N, koriya atin, wato wayar kariya mai kai wuta ƙasa, a E, in sabon launi ne wanda Ingila ta koma tun 2004 toh ruwan ƙasa ce laif, shuɗiya nutural, kore da rawaya atin. In fuskar ƙarfe ce atin dole ne, in gidan babu wayar atin kwata-kwata, wanda ba abun mamaki bane a nan, a haƙura da kwalliya a sa ta roba. Ka share burbushin siminti da ya taru a ciki ma, shi kaɗai yana iya cinye wajen. Bayan haka tura fuskar da tafin hannu, ya kamata ta kwanta da kanta tun kafin noti ya shiga. In har yanzu tana turowa toh akwatin ya yi kaɗan, ko a sa firam ɗin nan na milimita 10 ko a canza akwati.

In kuma fuskar ta kwanta amma a karkace take, duba kunnuwan da kyau, a akwatin ƙarfe mai kyau ɗaya daga ciki yana zamewa sama da ƙasa, dan wannan aka yi shi. Sassauta, daidaita da lebur, wato ma'aunin miƙewa na magina, ɗaure.

Noti yana ta juyawa baya kamawa? Zaren kunnen ne ya cinye ko tsatsa ta ci shi, an fi ganin haka a bangon da ke shan danshi da damina. Akwai ɗan ƙarfe mai kama da sukudireba na sake yanka zare M3.5, masu saida kayan wuta sun san shi, a murɗa shi a ciki a hankali a fito, yawanci shikenan. In kunnen ya karye gaba ɗaya a canza akwatin. Cusa ashana ko tsinken sakace a ramin dabarar kafinta ce, a ƙarfe bata zuwa ko'ina.

Sai bangon kansa. Ɗora rula a wajen, in tana rawa toh akwai tudun filasta ko busasshen fenti a bakin ramin, kankare shi ka bi da samfefa. In ramin ne aka fasa ya yi faɗi har fuskar bata da inda zata jingina, ka yanki kwali ka tare bakin akwatin dan kar komai ya shiga, ka cike gefen da fila ko siminti, ka bari ya bushe sosai kafin ka cire kwalin ka maida soket. A kan tayil kuwa sau da yawa mai tayil ne ya yanka ramin ya matse har ya rufe kunne ɗaya, sai a ga soket da noti ɗaya kawai yana reto, wannan sai an ƙara yanka tayil ɗin. Dan Allah kar a toshe rata da takarda ko leda ko soso, waje ne da zai iya yin tartsatsi. Silikon ma ɗan siririn layi ne na kwalliya bayan an gama gyara, in ka manne fuskar da shi dan ya riƙe ta, ranar da za a buɗe sai ya taho da fenti.

'Yan'uwanmu na Nijar ku naku tsarin Faransa ne, akwati zagayayye, kuma soket da yawa ƙugiyoyi biyu ne ke riƙe su ta gefe, shi yasa suke yawan biyo fulogi. Cire murfin ka ɗaure notin ƙugiyoyin biyu daidai wa daida, in akwatin yana da ramin noti kuwa toh ɗaure da noti ya fi ƙarko nesa ba kusa ba.

Wajen ɗaurewa na ƙarshe da hannu za a yi ba da inji ba, hagu kaɗan dama kaɗan kana canzawa, da zarar fuskar ta taɓa bango ta dena motsi ka tsaya. Danna makunnin kaji yana ƙara yadda ya saba, sannan kaje ka ɗaga bireka. In bireka ta faɗi nan take kar ka sake ɗagawa, akwai wayar da aka matse ko aka huda. Haka in tun da ka buɗe kaga bayan soket ya yi baƙi ko ruwan toka, ko rigar waya ta ƙandare tana farfashewa, ko kana jin wani wari kamar na kifi, robar ce ke ƙonewa, wannan ya wuce maganar fuska. Bar bireka a ƙasa ka kira mai wayarin ya yanke ƙonannen wajen ya sa sabon soket, kuma ka ce masa ya buɗe na kusa da shi ma ya duba tunda layi ɗaya suke.