Origami: Yadda Fallen Takarda Ke Zama Tsuntsu

Ku dubi wannan fallen takardar. Tsawonta da faɗinta daidai suke. Ba almakashi, ba gam. Nan da minti biyar za ta zama tsuntsu mai fukafukai.

Japanawa na kiran wannan fasaha origami. "Ori" shi ne ninkewa, "kami" kuma takarda. Duk wanda ya taɓa yage fallen littafi a aji ya ninke jirgin sama ya wurga, to ya ɗan taɓa ta.

A China aka fara yin takarda, daga baya ta ƙetara Japan ta hanyar Koriya. Lokacin tana da tsada, don haka a wajen ibada da bukukuwa aka fi ninke ta. Da ta yi araha sai ta shiga hannun kowa. A 1797 aka buga littafin Hiden Senbazuru Orikata, mai koyar da ninke gauraki manne da juna. Kuma a cikinsa ana yanka takardar. Dokar hana almakashi ta zo ne daga baya.

Amma mutumin da nake so ku riƙe sunansa shi ne Akira Yoshizawa, wanda aka haifa a 1911. Ya ajiye aikin masana'anta a 1937 don ya duƙufa kan ninke takarda, ya sha talauci shekara da shekaru, har da tallan abinci gida-gida. Shi ya fito da dabarar jiƙa takarda kafin a ninke. Ba sharkaf ba, ɗan danshi kawai. Sai ta yi laushi, ka lanƙwasa ta da yatsa, kumatun biri su fito, bayan giwa ya yi tudu. In ta bushe, haka za ta tsaya. A ganina, nan ne origami ta tashi daga wasan yara ta koma sassaƙa.

Alamomin kibiya da layukan da Yoshizawa ya riƙa zanawa don nuna yadda ake ninkewa su ne tushen waɗanda ake bi yau, shi ya sa Bahaushe zai iya bin littafin Japananci ko bai san harafi ɗaya ba.

Injiniyoyi ma sun ɗauka. A 1995, wani tauraron ɗan'adam na Japan ya tashi da faifan sola da aka ninke da dabarar wani masanin kimiyya ɗan Japan, Koryo Miura. Ka ja kusurwa biyu, gaba ɗaya ya buɗe.

Yanzu ku ɗauko taku takardar. Ku haɗa wannan kusurwa da waccan, ku danne da farce.