Gasar Fantasi ta Hoki: Inda 'Yan Firimiya Ke Faɗuwa Tun Zagayen Farko

[Hoto: filin ƙanƙara, 'yan wasa na ɗumama jiki]

Jama'a, assalamu alaikum. Duk shekara da watan Afrilu ya kama, ƙanƙarar bakin titi ta fara narkewa, sai saƙonni iri ɗaya su fara shigo mini daga 'yan uwa da ke nan Kanada. Wai a wurin aiki an miƙo musu takarda a ce su zaɓi 'yan wasan hoki, sun zaɓi manya-manya, amma ko mako uku ba a yi ba sun koma can ƙasan jeri, abokan aiki na yi musu dariya a ɗakin shan shayi. Bana har da wasu daga gida da suke so su shiga gasarmu ta WhatsApp. To, yau za mu warware matsalar. Wuri ɗaya ne kacal ake yin tuntuɓe, sauran duk da gudu za mu wuce.

Bari mu fara da gudun.

Babbar gasar hoki ta kan ƙanƙara ita ce NHL. Ƙungiyoyi 32 ne, bakwai a Kanada, sauran a Amurka. Daga Oktoba zuwa Afrilu kowace ƙungiya tana buga wasa sama da 80. Daga nan sai a tace 16, takwas daga ɓangaren Gabas, takwas daga Yamma, su shiga neman kofin Stanley. Gasar abokai da nake magana a kai ta wannan lokacin ce, wata biyu kacal, daga Afrilu zuwa Yuni.

Ana tara mutum shida zuwa goma. A naɗa shugaba guda, wanda a nan suke kira kwamishina. Babu albashi, babu jiniya, sai zagi. Aikinsa ya rubuta dokoki, ya riƙe lissafi a Excel ko a wani shafin intanet da ke haɗa maki da kansa, ya kuma raba gardama. Kowa ya ɗauki 'yan wasa goma, ko yadda kuka yi yarjejeniya. Ɗan wasanka ya ci, maki ɗaya. Ya bayar aka ci, maki ɗaya. Wanda ya fi tara maki ranar da aka ɗaga kofi, shi ne gwani.

[Hoto: allo mai sunaye takwas, kibiya na sauka tana hawa]

Ga yadda ake rabon. A jefa ƙuri'a, na ɗaya ya ɗauka, na biyu ya ɗauka, har zuwa na takwas. Sai a juyo daga ƙasa: na takwas ya sake ɗauka, na bakwai, har a koma sama. Kun ga yadda kibiyar ke lanƙwasa kamar maciji? Sunan da suke kiran tsarin ke nan. Na farko ya samu zaɓi na 1, amma sai ya jira har na 16. Na ƙarshe ya samu na 8 da na 9 a jere. Don haka a daina kukan an cuci na ƙarshe. Kuma wanda aka ɗauka an ɗauke shi, ba kamar Fantasy Premier League ba inda rabin unguwa ke da Haaland.

Shi ke nan dokokin. Yanzu ku gyara zama.

[Hoto: jadawalin ƙungiyoyi 16, Gabas a dama, Yamma a hagu]

Mu da muka taso da Firimiya, akwai abin da ya zauna mana a ƙwaƙwalwa ba mu sani ba. A can, ƙungiya ko ta lalace sai ta buga wasanninta 38 cif. Ɗan wasanka yana nan har Mayu. In ya yi sanyi ka sayar da shi ka sayo wani. Saboda haka tambaya ɗaya muke yi: wa ya fi iya ƙwallo?

A nan kuwa, dubi jadawalin nan. Ƙungiyoyi biyu za su yi ta karawa, wadda ta fara cin wasa huɗu ta wuce, ɗayar ta tattara kayanta. Ba sili ɗaya ƙwale ba ne, sili huɗu ne, amma ƙwalen dai yana nan. Zagaye huɗu ake yi. Ke nan akwai ƙungiyar da za ta iya buga wasa huɗu tak ta tafi gida, akwai kuma wadda za ta iya kaiwa 28. A yawancin irin wannan gasar ta abokai babu musanya. Ranar da aka fitar da ƙungiyar ɗan wasanka, sunansa zai ci gaba da zama a takardarka har Yuni, yana kallonka kana kallonsa, ko maki ɗaya ba zai ƙara ba.

Mu yi lissafin 'yan firamare. Tauraro mai kawo maki ɗaya da rabi a kowane wasa, aka fitar da su a wasa na biyar: bakwai ko takwas ke nan. Ɗan talak, wanda ko rigarsa ba a cika saye ba, mai kawo rabin maki a wasa, amma ƙungiyarsa ta buga 24: maki 12. Wa ya ciyar da kai?

In kuna ganin lissafin allo ne kawai, ga abin da ya faru a 2019.

[Hoto: Kucherov cikin shuɗiyar rigar Tampa Bay]

Wannan Nikita Kucherov ne. A waccan kakar, kafin a shiga neman kofi, maki 128 ya tara, babu wanda ya kamo ƙafarsa. Ƙungiyarsa, Tampa Bay Lightning, ta ci wasa 62. A gasarmu ta shekarar, wani yayanmu da ƙuri'a ta ba shi na ɗaya ko numfashi bai ja ba ya ce Kucherov. Zagaye na gaba ya ƙara da wasu 'yan Tampa. Ya miƙe ƙafa a kujera ya ce mu fara shirin yi masa mubaya'a.

Wasan farko da Columbus Blue Jackets, Tampa na gaba da ci uku da nema tun a kashin farko. Yaya sai turo hotunan kambun sarauta yake a zauren WhatsApp. Aka tashi huɗu da uku, Columbus ce ta ci. Ta sake ci. Ta sake. Ta kuma sake. Cikin mako guda an share Tampa, huɗu babu ko ɗaya. Kucherov maki biyu ya tashi da su, wasa ɗaya ma dakatar da shi aka yi bai buga ba.

A ɗaya ɓangaren kuma ga Ryan O'Reilly na St. Louis Blues. Maki 77 ya yi a kakar, ba laifi, amma ina 77 ina 128? Ƙungiyar tasa ma a farkon Janairun shekarar ita ce ta ƙarshe a duk gasar. Sai ga su har wasan ƙarshe, suka ɗauki kofi, O'Reilly ya tara 23. Biyu da 23. A wajenmu wani ƙane ne ya tsince shi can tsakiyar rabo, shi ma don yana son kalar rigar.

Yaya bai sake magana a zauren ba sai bayan Sallah.

[Hoto: jadawalin ya dawo, ana goge ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya]

To ga yadda nake so ku yi. Kafin ku buɗe jerin sunayen 'yan wasa, ku ɗauki jadawalin nan da biro, ku cike shi har ƙarshe. Wa kuke ganin zai fito daga Gabas? Wa zai fito daga Yamma? Dole wasan ƙarshe tsakanin ɗaya daga nan ne da ɗaya daga can. Sai kun tsayar da wannan, sannan ku duba sunaye.

Abin da sabon shiga ke yi shi ne ya tsinci gwanin kowace ƙungiya, goma daga ƙungiyoyi goma. A ido takardar ta yi kyau, kamar jerin manyan baƙi a katin biki. Ku kalli abin da zai same ta. Zagayen farko ƙungiyoyi takwas za su fita. In kana da mutum a ƙungiyoyi goma cikin 16, to ko ka ƙi ko ka so akwai aƙalla karawa biyu da 'ya'yanka ne ke dukan juna, biyu sun tafi ke nan tun kafin a fara. A bisa al'ada kusan rabi za ka rasa. In aka zo wasan ƙarshe, iyakar abin da zai rage maka mutum biyu, in ka yi sa'a. Shi kuwa wanda ya tara biyar a ƙungiyar da ta kai ƙarshe, kowane dare mutum biyar ke masa noma.

Akwai ƙarin gishiri. A hoki, ci ɗaya yana iya ba mutum uku maki: wanda ya zura, wanda ya ba shi, da wanda ya ba mai bayarwar. Saboda haka 'yan wasan da ke shiga fili tare, musamman waɗanda ake turawa in an kai ɗan hamayya akwatin hukunci aka zama biyar da huɗu, makinsu tare yake zuwa. Ɗaya, biyu, raga. In biyu daga cikinsu naka ne, jifa ɗaya ka samu biyu.

[Hoto: McDavid, sannan Bouchard, sannan Draisaitl]

Edmonton Oilers a wasannin neman kofi na 2024. Connor McDavid maki 42 cikin wasa 25. Tarihin da Wayne Gretzky ya kafa a 1985 shi ne 47, kun ga irin kusancin. Leon Draisaitl 31. Evan Bouchard, ɗan baya ne fa, 32. Su McDavid da Draisaitl ba za ka same su tare ba, sai dai in abokanka barci suke yi. Amma irin su Bouchard, waɗanda ke tsaye kusa da tukunya, su ne ake samu a zagaye na biyu ko na uku na rabo.

Kuma ku lura: Edmonton ba ta ɗauki kofin ba. Florida Panthers ce ta doke ta a wasa na bakwai, kuma waɗanda suka fi maki a Florida 22 suka tsaya. Takardarka ba ruwanta da wanda ya ɗaga kofi. Ita dai a daɗe ana yi, a kuma yi ta zura ƙwallo. Ƙungiyar da ta kai ƙarshe ta sha kashi ta biya ka daidai da wadda ta yi nasara, wani lokaci ma fiye.

Na san mai sharhin da zai ce, to ai yayan naku ma ƙungiya ɗaya ya bi, ga yadda ta ƙare. Gaskiyarka. Kuma ba Tampa kaɗai ba: Boston Bruins a 2023 ta ci wasa 65, abin da ba a taɓa yi ba, tana gaba da uku da ɗaya a zagayen farko, Florida ta farke ta fitar da ita. Shi ya sa ni ƙungiyoyi uku nake ɗauka, biyu a ɓangare ɗaya da ba za su haɗu da wuri ba, ɗaya a ɗaya ɓangaren. In ɗaya ta mutu ina da sauran numfashi. Amma ba na wuce uku, domin a gasar mutum takwas gwani ɗaya ake naɗawa. Mai warwatsa zaɓe kullum na huɗu ko na biyar yake zuwa, shekara da shekaru, ba a taɓa yi masa dariya ba, ba a kuma taɓa taya shi murna ba.

Sai batun zuciya. Duk wanda ya zauna a Toronto shekara biyu sai ya kamu da son Maple Leafs. Allah Ya ba ku haƙuri, rabonsu da kofi tun 1967. Ka so su a ranka, ka sayi hular, amma ka riƙe biro da hankali. Kanada baki ɗaya ma, daga nasarar Montreal ta 1993 har zuwa 2025 babu ƙungiyarta da ta ɗauka.

[Hotuna sun ƙare, fuskata ce kawai, ku yi haƙuri]

Saura 'yan ƙanana, kwamishina wannan naka ne. A rubuta komai kafin a jefa ƙuri'a. Mai tsaron raga zai shiga ko ba zai shiga ba? In zai shiga, maki nawa in sun ci wasa, nawa in ba a zura masa ko ɗaya ba? Wanda ya ji rauni za a musanya shi? Mu ba ma musanyawa, ƙaddara ce. In mutum biyu suka yi kunnen doki, wanda 'yan wasansa suka fi zura ƙwallo shi ke gaba. Kuma a rufe zaɓe kafin a fara wasan farko, ban da "wallahi na turo, intanet ce ta riƙe".

A ofisoshin nan yawanci kuɗi suke zubawa gwani ya kwashe. Mu ba ma yi, caca ce, ba sai an kira malam ba. Muna da wani tsohon kofin roba da aka liƙa wa takardar azurfa, gwani ya ajiye shi shekara guda a saman firij. Na ƙarshe kuma shi ke wanke tukwane ranar walimar rufe gasa, kuma tukunyar tuwo ba ta da tausayi. Na lura tsoron tukunyar nan ne ke sa wasu warwatsa zaɓe, har na kai ƙorafi gaban kwamishina, ya ce in kawo a rubuce.

'Yan gida masu son shiga, bismillah, amma ku san abin da kuka saya. Wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma a Toronto, sha biyun dare ne a Kano. Na Edmonton kuwa sai wajen uku na dare. Kuma a wannan matakin babu canjaras, in an tashi kunnen doki sai a yi ta ƙara minti ashirin-ashirin har wani ya ci. Za ka iya idar da sallar asuba ka dawo ka tarar ana nan ana fama.

An jefa ƙuri'armu ta bana jiya da daddare. Ni ne na bakwai. Yaya ya sake fitowa na ɗaya, kuma tun da safe yake tambayata wace ƙungiya ce ta fi kowa cin wasa bana. Na faɗa masa.