Gidan katako da ya karkace amma ya ƙi faɗuwa

Jama'a, assalamu alaikum. Ku dubi ginin da ke bayana. Sunansa Little Moreton Hall, kusa da garin Congleton a yankin Cheshire na ƙasar Ingila. Kada ku zaci kyamarar ce ta karkace, a haka gidan yake tsaye, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina.

Zuriyar Moreton ce ta fara gina shi wajen 1504, ana ta ƙari har kusan 1610. Ƙashin ginin duk itacen oak ne, an sassaƙa an zura wani cikin wani, an datse da turakun katako. Tsakanin itatuwan aka yi saƙar tsumagu, aka yaɓe da laka. Wanda ya taɓa ganin ana kwaɓa ƙasar gini da ciyawa a gida ya san aikin nan sarai. Baƙi da farin da kuke gani kuwa fentin ƙarni na 19 ne.

Yanzu ku ɗaga kai. Wancan dogon zauren da ke can sama mita 21 ne tsawonsa, an ɗora shi a kan benen da ba zai iya ɗaukarsa ba, aka kuma rufe shi da fale-falen dutse masu nauyin kusan tan 32. Nauyin ne ya tura bangaye waje. Da na taka daɓen, wallahi tudu da kwari ƙafata take ji. A ƙarshen ƙarni na 19 aka ɗaure bangayen da sandunan ƙarfe, daga baya aka ƙara masa wasu ƙarafan a ɓoye.

Abin da ya fi taɓa ni yana tsakar gida, a jikin tagogi. Kafintan da ya yi su a 1559, Richard Dale, ya sassaƙa sunansa, ya ce da ikon Allah ya yi. Mai gida ya sa nasa sunan a sama, amma aka bar wa mai aikin hannu wurinsa. Hakan ya yi mini daɗi ƙwarai.

To me ya sa ba a rushe shi ba? Talauci. A yaƙin basasar Ingila na shekarun 1640, masu gidan suka goyi bayan sarki, aka ci su da yaƙi, dukiya ta tafi. Suka ba manoma hayar gidan, babu kuɗin da za a rushe a gina na yayi. A 1938 aka miƙa shi ga ƙungiyar National Trust, mai adana gine-ginen tarihi, ita ke kula da shi har yau.

Ku biyo ni mu shiga ɗakin ibadar gidan.