Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya, daga Kwamitin Asibitin Garinmu

Assalamu alaikum.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Ayyukanka sun riga ka isowa, ba sai mun lissafa ba. Ka yi mana afuwa mu fara da kukanmu: muna roƙon na'urar ɗaukar hoton mafitsarar yara.

Asibitin nan iyayenmu suka gina shi da aikin gayya tun yana ɗakin shan magani, mata na jido ruwa, maza na kwaɓa ƙasa. Yau duk ƙauyukan kewaye nan suke kawo majinyata. Amma in ana rabon kayan aiki, sai dai mu ji labari.

Ranka ya daɗe, ga abin da ke lalata ƙodar yaranmu. Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda a karkace yake ratsa bangon mafitsara, don in ta cika ta matse bakinsa. Wani yaron da gajeren sashen nan ake haihuwarsa, bakin ba ya rufuwa, sai fitsari ya koma sama, ya haura da ƙwayoyin cuta. Ciwon nan kuma ana gadonsa, ƙanne ma sukan samu. Wani jaririn namiji tantani ne ke tare masa hanyar fita: uwa tana kallo yana nishi, fitsarin na ɗiga kaɗan-kaɗan, sauran yana juyawa baya. Ga tsargiyar da yara ke kwasowa a kududdufi, ita ma tana ɓata bakin bututun.

Yaro zai yi ta zazzaɓi, a yi ta ɗirka masa maganin cizon sauro, alhali ƙoda ce ke yin tabo. Ƙarshenta hawan jini, wani har wankin ƙoda, abin da manomi bai isa ya biya ba.

Likitoci sun kasa ciwon komawar fitsarin nan mataki 5, kuma na ƙasa yakan warke in yaro ya girma. Sai dai ba a sanin matakin sai an zura siririyar roba, an cika mafitsara da ruwan da ke fitowa a hoto, an ɗauki hoton lokacin da yaro yake fitsari. Mu kuwa sai birni, kuma uwar da ba ta da kuɗin mota gida take komawa da ɗanta a goye.

Rufin ɗakin haihuwa yana yoyo, janareta ya tsufa. Amma in abu ɗaya za a ba mu, don Allah na'urar nan, da ma'aikacin da ya iya sarrafa ta. Ɗakin da za a sa ta mun riga mun share shi.

Allah ya mai da kai gida lafiya.