Sharhi: Yadda ƙwaya ke kama mutum

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Rahoton 2018 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da kayan maye a Najeriya, kusan ɗaya cikin biyar kuma ya kai matakin da bai iya bari.

Kayan mayen ba aikinsu ɗaya ba. Kodin, diazepam da matasa ke kira D5, da sholisho suna kashe jiki, su rage saurin numfashi. Hodar iblis da ais, wato wani kayan maye mai kama da ƙanƙara, zaburarwa suke yi, su hana barci da cin abinci. Zaƙami da Exol kan sa mutum ya ga abin da babu. Wiwi ta ɗan taɓa kowane ɓangare.

Amma mu tsaya kan tramol, don ita ta fi shiga hannun lebura, ɗan acaba da manomi. Maganin ciwo ce, likita kan rubuta miligram 50 ko 100, ba a wuce 400 a yini. Wadda ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya kuwa ta kan kai 225 a ƙwaya guda, biyu kawai sun haura iyaka. Daga nan ne ake samun jijjiga irin ta farfaɗiya.

Da farko ƙwayar na sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin jin daɗi da ake kira dofamin mai yawa, gajiya ta tafi. In aka jera makonni ana sha, ƙwaƙwalwa sai ta rage karɓar saƙon, ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma huɗu. Ranar da ba a samu ba, cikin yini guda ga hamma, majina, zufa, gudawa, ciwon gaɓɓai. A wannan gaɓar mutum yana sha ne kawai don ya iya miƙewa da safe. In ya ci gaba da nema duk da yana ganin aikinsa da gidansa na lalacewa, to jaraba ta zauna.

Wurare biyu ne aka fi rasa rai. Na farko haɗa tramol ko kodin da diazepam ko giya, duka suna danne numfashi lokaci guda. Na biyu wanda ya bari na wata ɗaya ko biyu, jikinsa ya manta sabon, sai ya koma kan adadin da ya saba sha.

Iyaye kuma, ɗaure yaro da mari a ɗaki ba magani ba ne. Mai shan diazepam in aka yanke masa kwatsam yana iya kamuwa da jijjigar da ke kisa. Sannu a hankali likita ke rage masa adadin, cikin makonni, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato suna wannan aikin.