Wanda Aka Yi Wa Fyaɗe Yana Yaro, Shi Ma Ya Girma Ya Aikata: Me Za A Yi Da Shi?

Masu kallo, batun yau ba mai daɗin ji ba ne, amma ba makawa sai an taɓo shi.

Ana yawan cewa duk yaron da aka yi lalata da shi, gobe shi ma zai yi da wani. Ba haka ba ne. A shekarar 2003 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa binciken da aka yi a Ingila kan maza 224 da aka ci zarafinsu suna ƙanana. Mutum 26 ne aka samu sun aikata irin wannan laifi daga baya, wato kusan kashi 12 cikin 100. Wannan zargi na kuɗin goro yana cikin abin da ke sa maza su yi gum shekara da shekaru, don gudun a riƙa yi musu kallon masu laifi.

To, su waɗannan 26 ɗin fa? An fi samun rashin kulawar iyaye a tarihinsu, babu mai sa musu ido, kuma sun tashi suna ganin duka da tashin hankali a cikin gida.

A nan gizo ke saƙa. Cibiyoyin taimakon waɗanda aka zalunta sukan yi ɗari-ɗari da irin wannan mutum, kuma suna da hujja: ba za a zaunar da shi a ɗaki ɗaya da mutanen da wani irinsa ya cuta ba. Shirye-shiryen gidan yari kuwa laifinsa suka fi sa wa gaba. Sai ya rasa inda zai faɗi abin da aka yi masa.

Ƙwararren mai ba da shawara yakan raba masa maganar gida biyu. Abin da aka yi maka kana yaro, ba laifinka ba ne. Abin da ka yi wa wani, kai ka yi, kai za ka ɗauka. Da zarar ya fara jingina na biyu da na farko don neman sassauci, sai a taka masa birki, domin akwai masu fakewa da wannan labari. Kuma tun zaman farko ake gaya masa cewa sirri yana da iyaka: idan wani yaro na cikin haɗari, za a sanar da hukuma.

Wani zai ce, don me za a ɓata lokaci a kansa? A ganina, saboda yaron da zai iya cuta nan gaba. A Kanada, tun 1994 ake haɗa wanda ya fito daga kurkuku kan irin wannan laifi da 'yan sa-kai kaɗan, suna tallafa masa suna kuma sa masa ido. A Balin ta Jamus, asibitin Charité ya buɗe shiri a 2005 domin mazan da ke jin sha'awar yara, su zo a duba su kafin su cuci wani yaro.